Limoniya bayan tiyatar zuciya: yadda za ku tsare huhun jaririnku daga asibiti har gida

Idan likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce aiki ya yi kyau, iyaye sukan sauke ajiyar zuciya su ɗauka an haye. Rabin kogin aka haye. An gyara zuciya, amma maƙwabcinta huhu yanzu zai shiga nasa gwajin, kuma cikin cututtukan da jarirai kan ɗauka a asibiti bayan irin wannan aiki, limoniyar da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa tana sahun gaba. Tana tsawaita zaman jariri a kan na'urar numfashi, tana ɗora wa zuciyar da aka ɗinke jiya nauyin da ba ta shirya masa ba, wani lokaci ta tsallaka cikin jini.

Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haihuwarsa da wata larura a zuciya, don haka masu zaman jinya irin wannan suna da yawa. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, uwa da uban da ke gefen gado suna da aiki a cikin wannan jinya. Maganin yana hannun likitoci. Lura da sauyi da wuri, da faɗinsa da baki, wannan kam babu wanda ya kai ku.

Me ya sa huhu ne ke fara shan wahala?

Jarirai da yawa suna shiga tiyata da huhun da ya riga ya gaji. Wanda ke da rami tsakanin ɗakunan zuciya, jini yana kwarara zuwa huhunsa fiye da ƙima tun haihuwa, huhun ya jiƙe ya yi nauyi, jaririn yana haki, yana gumi wurin shan nono, ba ya ƙiba. Ga shi a lokacin aikin ana karkatar da jini ta cikin injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu. Haɗuwar jini da robobin injin tana tayar da kumburi a duk jiki, tana kuma rage ƙarfin garkuwar jiki na ɗan lokaci. Huhun da kansa yana kwance babu iska sosai a wannan tsakani, idan aka sake hura shi sai a tarar wasu lungunansa sun manne.

Sai kuma bututun numfashi. Hanci yana tace iska, maƙogwaro yana rufe hanya idan yawu ya nufi huhu, tari yana fitar da abin da ya kuɓuce. Bututun ya ƙetare duk waɗannan masu gadi. Yawu da majinar da suka taru a bayan baki suna silalewa ta gefensa zuwa ƙasa, ƙwayoyin cuta kuma suna yin gida a jikin robar. Shi ya sa idan limoniya ta bayyana bayan jariri ya wuce awa 48 a kan na'ura, likitoci ke danganta ta da na'urar.

Ku haɗa da ƙanƙantar hanyar iskar. Faɗin maƙogwaron sabon jariri kusan milimita 4 ne. Kumburin milimita 1 kacal a kewayensa yana cinye kashi uku cikin huɗu na hanyar. Majinar da babba zai kakaro ya tofar, a wurin jariri toshewa ce.

Ƙwayoyin da ake yawan samu ba irin na cikin gari ba ne. A takardar gwaji za ku iya cin karo da sunaye kamar Klebsiella, Pseudomonas, Acinetobacter ko Staphylococcus aureus. Sun saba zama a asibiti, wasunsu sun koyi jure wa magungunan da aka saba bayarwa, don haka hana su shiga ya fi korarsu sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: kafin ranar tiyata

Idan jariri ya fara mura, tari, zazzaɓi ko gudawa a makonnin da ke gaban ranar, ku faɗa. Na san abin da ke hana mutane faɗa: an daɗe ana jiran wannan rana, ana tsoron a ɗage. Amma hanyar iskar da mura ta goge tana ɗaukar makonni kafin ta warke, kuma bakteriya ta fi samun gindin zama a irinta. Likitocin ne za su auna ko zuciyar za ta iya jira ko ba za ta iya ba. Idan kun ɓoye, kun yanke musu hukuncin ba da saninsu ba.

Ku dage da ciyarwa, domin jaririn da ya rame ya fi daɗewa a kan na'ura. Idan yana gajiya kafin ya ƙoshi, a ba shi kaɗan-kaɗan akai-akai, kuma kada ku ƙi idan an ce a sa siririyar roba ta hanci. Ku kai katin rigakafinsa a duba. Ku ambaci duk abin da aka taɓa gaya muku game da shi, musamman larurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita mai jinkirta girma da koyo, ko larurar DiGeorge da ke raunana garkuwar jiki, ko cewa ba shi da saifa, domin waɗannan suna canza irin tsaron da za a yi masa.

Mataki na biyu: a sashen kulawa ta musamman

Ganin farko yana da nauyi: robobi ta baki, ta wuya, ta ƙirji, ƙarar na'urori ba tsayawa, wani lokacin ma an bar ƙashin ƙirjin a buɗe ƙarƙashin rufi na kwana ɗaya ko biyu har kumburi ya sauka. Ku ba kanku lokaci ku natsu, sannan ku kama aikinku.

Hannu shi ne farko. Mafi yawan ƙwayoyin da ke isa ga jariri a hannu suke tafiya. Ku cire zobe, agogo da awarwaro, ku yanke farce, ku naɗe hannun riga. Man goge hannu mai barasa ana murza shi daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Idan da datti a hannun, ko kun canza kunzugu, ruwa da sabulu ne, daƙiƙa 40 zuwa 60, har tsakanin yatsu da babban yatsa. Wannan kafin taɓa jariri da bayan taɓa shi. Wayar hannu kuwa, ku ɗauke ta a matsayin abu mafi datti da kuka shigo da shi. Idan kun taɓa ta, ku sake goge hannu.

Akwai kuma abin da ya fi wuya: idan kun ga wani ma'aikaci zai taɓa jariri ko bututunsa ba ku ga ya goge hannu ba, ku tuna masa cikin ladabi. "Likita, don Allah ga man hannu nan" ya isa. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan, kuma kunyar daƙiƙa biyu ba ta kai nauyin mako biyu a kan na'ura ba.

Ku kuma san abubuwan da ma'aikatan jinya ke yi don kare huhu, saboda ku gane idan an tsallake wani. Ana ɗaga kan gado kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 30 idan yanayin zuciyar ya bari, don kada abin cikin ciki ya gangaro zuwa huhu. Ana goge cikin baki duk bayan 'yan awoyi, wasu asibitoci da ruwa mai tsabta, wasu da ɗigon nonon uwa. Ana zuƙe majina idan ta taru, da kayan da ba a taɓa da hannu tsirara ba. Ruwan da ke taruwa a cikin dogon tiyon na'ura ana zubar da shi nesa da jariri, ba a bari ya koma wajensa. Ana juya kwanciyarsa. Kada ku taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan da kanku sai nas ta nuna muku ta kuma ce ku yi.

Tambaya guda ta kamata ku yi kowace safiya idan likitoci sun zo zagaye: me ya rage kafin a cire bututun? Kowace rana da ya ƙara a ciki, haɗarin yana ƙaruwa. Amma fa tambaya ce, ba matsa lamba ba, domin cirewa da wuri a sake mayarwa shi ma babbar ƙofa ce ga limoniya.

Uwa, ke kuma ki ci gaba da tatsar nono ko da an ce bai fara sha ba tukuna, duk awa 2 zuwa 3, har da dare, don kada ruwan ya ɗauke. Nonon yana ɗauke da garkuwar da babu wani kamfani da ke iya haɗawa, kuma ranar da aka ce a fara ba shi ta roba, za ki gode da ya kasance a ajiye. Ki tambayi nas yadda ake adana shi. Duk mai mura, tari ko ƙurajen leɓe ya haƙura da shigowa, ko wane ne shi a dangi.

Mataki na uku: idan an fara zargin limoniya

Zazzaɓi a kwana ɗaya ko biyun farko yawanci martanin jiki ne ga tiyatar da injin. Wanda ke tayar da hankali shi ne wanda ya zo daga baya, ko ya dawo bayan ya tafi. Jariri ƙanƙani ma yana iya ƙin yin zazzaɓin sam, sai jikinsa ya yi sanyi. Sauran alamun a kan na'ura su ne majinar da ake zuƙowa ta ƙaru, ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa ko kore, ana ta ƙara masa oksijin alhali jiya ana ragewa, cikinsa ya daina karɓar nono, ko bugun zuciya ya hau ba dalili. Nas tana canzawa kowane zango, ku kuna nan. Idan kun ga yau ba kamar jiya ba ne, ku ce da ita haka ɗin.

Likitoci za su ɗauki hoton ƙirji, su ɗebi jini, su ɗebi majina daga bututun a kai ɗakin gwaji a shuka ta a ga abin da zai tsiro. Gane cutar a nan yana da sarƙaƙiya. Inuwa a hoton huhu tana iya zama limoniya, tana iya zama ruwa saboda zuciya, tana iya zama lungun da ya manne. Ma'aunan kumburi a jini suna hawa bayan tiyata ko babu cuta. Ƙwayar da aka samu a bututu kuma tana iya kasancewa zaune kawai a robar ba ta taɓa huhun ba. Don haka idan kun ga likita yana haɗa wannan da wancan kafin ya yanke magana, yana aikinsa ne.

Tsarin da ya dace shi ne a ɗebi samfur tukuna, sannan a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba. Sakamakon yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Idan ya fito, ana sauya maganin zuwa wanda ya dace da ƙwayar da aka samu, ko a tsayar idan ta bayyana ba ita ba ce. A rana ta uku ku tambaya: me ya tsiro, maganin da ake bayarwa yana kashe shi, kwana nawa za a yi? Sau da yawa kusan mako guda ne, ya fi haka idan cutar ta shiga jini ko mugunya ta taru a gefen huhu har sai an sa roba an janye ta.

Kada ku roƙi "mafi ƙarfi" ko a ƙara kwanaki don kwanciyar hankali. Magani mai faɗi da aka daɗe ana bayarwa shi ke renon ƙwayoyin da ba sa jin magani. Wasu kuma, irin su jentamaisin, amikasin da bankomaisin, suna iya taɓa ƙoda, wasunsu har da ji, ga shi ƙodar ta riga ta sha wahalar tiyata. Idan an ba shi ɗaya daga cikinsu, ku tambaya ko ana bin aikin ƙodar, ku kuma rubuta sunan maganin don a gwada jinsa daga baya.

Mataki na huɗu: bayan an cire bututu

Yanzu aikin ya dawo kan jaririn: ya ja numfashi mai zurfi, ya yi tari, ya haɗiye daidai. Ciwo yana hana biyun farko, don haka idan kun ga yana ɗaure fuska, yana numfashi sama-sama, yana ƙin a motsa shi, ku nemi a duba maganin ciwonsa. Da zarar an ba da izini ku ɗauke shi, ku riƙe shi a tsaye a ƙirjinku, domin huhu ya fi buɗewa a haka. Ɗaukar ta ƙasa ce, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai da kafaɗu, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu. Ba a ɗaga shi ta hammata ko a ja hannunsa har kimanin makonni 6, sai ƙashin ƙirji ya haɗe. Kada ku bubbuga masa baya ko ƙirji don majina ta fito sai mai gashin ƙashi na asibiti ya koya muku.

Ciyarwa ita ce inda nake so ku fi buɗe ido, domin nan ne limoniya ta biyu ke shigowa a ɓoye. Jijiyar da ke motsa igiyar murya tana bi ta kusa da babbar hanyar jini da ke fita daga zuciya, kuma aiki a wurin yana iya taɓa ta. Alamarta kuka ne mai dusashewa ko marar ƙarfi da bai gyaru ba bayan kwanaki. Irin wannan jariri nono yana iya bi masa ta hanyar iska. Ku lura ko yana ƙwarewa, ko yana tari a tsakiyar sha, idonsa na kawo ruwa, numfashinsa na yin kurkur bayan ya gama, ko launinsa na canzawa. Wasu ma ba sa tari ko kaɗan, sai dai a ga ciwon huhu yana ta dawowa. Ku faɗa a duba haɗiyarsa. Ku shayar da shi kansa a sama, ku tsaya idan ya fara haki, kada sha ɗaya ya wuce minti 20 zuwa 30, ku riƙe shi a tsaye bayan ya gama saboda tumbuɗi.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake dubawa idan jariri ya kasa rabuwa da oksijin: shanyewar ɓari ɗaya na tsokar da ke raba ƙirji da ciki, da kuma ruwa mai kama da madara da ke taruwa a ƙirji, wanda ke tafiya da ƙwayoyin garkuwar jiki. Na biyun yakan sa a canza abin da ake ba shi na wasu makonni. Idan an ce a dakatar da nono saboda haka, uwa ta ci gaba da tatsa.

Mataki na biyar: ranar sallama

Kada ku fita sai kuna da lambobin jaririnku a rubuce: nauyinsa, yawan numfashinsa a minti idan yana barci, da adadin oksijin ɗin jininsa da ake ɗauka daidai a gare shi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda aka yi wa cikakken gyara ana sa ran ya kasance sama da kashi 90 cikin 100 sosai. Wanda aka yi wa matakin farko na gyara, misali mai ɗakin zuciya ɗaya da ke aiki, daidansa yana iya zama 75 zuwa 85, kuma cika masa oksijin don a kai shi 100 yana iya cutar da shi. Ma'aikacin da bai san shi ba zai iya yin wannan kuskure da kyakkyawar niyya. Takardar sallama mai sunan aikin da aka yi, da magungunansa, da lambar da za a kira dare ko rana, ta zauna cikin jakar da kuke fita da ita.

Mataki na shida: a gida

Ku ƙirga numfashinsa sau biyu a rana a makonnin farko. Ku bari ya natsu ko ya yi barci, ku ɗaga rigar, ku kalli ciki yana tashi yana sauka, ku ƙirga minti ɗaya cur da agogo, domin numfashin jarirai yana gudu yana tsayawa, rabin minti yana ruɗi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na saurin numfashi shi ne 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. Amma naku ma'aunin ya haɗa da lambar da aka sallame shi da ita. Wanda ya saba 38 ya koma 48 ya tsaya a nan, ya cancanci a kira likita ko da bai kai layin ba.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su, asibiti ake nufa nan take: ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi, nishi a ƙarshen kowane numfashi, hanci yana buɗewa, kai yana gyaɗawa tare da numfashin, leɓe ko harshe ya fi yadda kuka saba duhu ko ya yi fari fat, numfashi yana ɗaukewa, ya ƙi nono sau biyu a jere ko yana amayar da komai, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, jijjiga, zafin jiki 38 ko fiye, ko sanyi ƙasa da 35.5. Haka nan idan ɗinkin ya yi ja, ya kumbura ko yana fitar da ruwa, ko fitsari ya ragu sosai.

Kada ku tsaya tantance ko huhu ne ko zuciya. Haki da ƙin nono suna iya zama limoniya, suna iya zama zuciya ce ke gazawa, suna iya zama ruwa ne ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya, abin da kan faru makonni bayan tiyata. Dukkansu hanyarsu ɗaya ce. Kada a ba shi maganin tari, kada a ba shi ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta na wani, domin zai ɓata gwajin bai kuma kashe irin waɗannan ƙwayoyi ba. Kada a ba shi farasitamol a zauna jiran a gani. Idan kun riga kun ba shi, ku faɗi lokacin. Da kun isa, maganar farko da za ta fito daga bakinku ita ce an yi masa tiyatar zuciya ranar kaza, ga takardarsa, don kada a sa ku a layi.

Sauran tsaron gida ba shi da yawa, amma sai an dage. Babu hayaƙi kowane iri a inda yake kwana, na taba ko na girki. A rage baƙi da shiga taro a makonnin farko, duk mai ɗaukarsa ya wanke hannu, yayyensa masu mura su yi nesa da fuskarsa. Barci a rigingine, a shimfiɗa mai tauri marar filo. Ɗaga kan gadon da kuka gani a asibiti na mai bututu ne da ake sa wa ido dare da rana. Magungunan zuciya a kan lokaci, kuma idan yana shan maganin fitar da ruwa ya kama gudawa ko amai, ku kira a ranar, domin bushewar jiki tana da haɗari a gare shi.

A zuwanku na farko ganin likita, ku zauna a kan maganar rigakafi. Alluran da ke kare shi daga Pneumococcus da Hib, ƙwayoyin bakteriya masu haddasa limoniya, da kuma tarin shiƙa suna cikin waɗanda ya fi kowa buƙata, allurar mura mai tsanani kuma ana fara ta daga wata 6, mutanen gidan su ma su yi. Inda ake samun allurar kariya daga ƙwayar RSV, mai kama hanyoyin numfashin jarirai, ku tambaya ko ya cancanta, kuma idan an yi masa kafin tiyata ku ambata, domin injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu a lokacin tiyata yana rage ta a jini har akan sake bayarwa. Rigakafin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai, kamar na ƙyanda, yakan jira wasu watanni idan an yi wa jariri ƙarin jini, kuma ba a yi wa mai raunin garkuwa sai an gwada shi. Ku sa likitan zuciya ya rubuta ranakun a jikin katin da hannunsa, don mai yin allurar ya gani.